Sassauta numfashi don rage damuwa: yadda yake aiki a jiki da inda ƙarfinsa ya tsaya

Shawarar da aka fi ba mutum idan hankalinsa ya tashi ita ce ya ja dogon numfashi. Nas tana faɗa wa mai jiran a gwada masa jini, malamin makaranta yana faɗa wa ɗalibin da zai shiga jarrabawar WASSCE, kuma a gidajen Aboabo da Asawase da Sabon Zango, unguwannin birnin Kumasi, ba a rasa dattijuwar da za ta dafa kafaɗar 'yarta ta ce, "Haba, uwata, ja numfashi, ki bar wannan shessheƙar." Shawarar tana da tushe mai ƙarfi a ilimin aikin jiki, sai dai yadda aka saba furta ta ya bar rabin maganar a baya. Abin da ke saukar da bugun zuciya shi ne jinkirin numfashi da tsawaita fitar da shi, yawan iskar da aka zuƙa kuwa ba shi da wannan tasirin. Wanda ya fahimci shawarar da ma'anar ya yi ta cika ƙirjinsa da iska bi da bi yana iya ƙarewa da jiri da mutuwar yatsu, ya kuma firgita fiye da yadda ya fara.

Jikin ɗan Adam yana da rukunin jijiyoyi da ke tafiyar da ayyukan da ba ma sa wa hannu, irin su bugun zuciya, narkar da abinci, fitar gumi da buɗewa ko tsukewar hanyoyin jini. Rukunin ya rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na zaburarwa ne, shi ke shirya mutum don faɗa ko gudu, ɗayan kuma na kwantarwa ne, shi ke riƙe da ragama lokacin hutu. Walter Cannon, masanin aikin jiki a Jami'ar Harvard ta Amurka, shi ne ya fayyace aikin ɓangaren farko a 1915, bayan ya lura tun shekarun baya cewa motsin tumbin kyanwar da yake dubawa da hoton asibiti yakan tsaya cak da zarar ta fusata ko ta tsorata. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, wasu 'yan ƙullutai da ke zaune a saman ƙoda suna sakin sinadarin adiranalin cikin jini, daga baya wani sinadarin damuwa mai suna kotisol ya biyo. Zuciya ta ƙara sauri, jini ya karkata zuwa tsokar hannu da ƙafa, baki ya bushe, ciki ya ɗaure, numfashi kuma ya koma gajere yana fitowa daga saman ƙirji.

Wannan shiri rahama ne ga wanda gobara ta rutsa da shi, kamar 'yan kasuwar da suka tsere daga wutar Kejetia a watan Maris na 2023 ko ta Adum a Maris na 2025, domin shi ya ba su ƙarfin gudu. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta haɗarin da ke gaban ido da wanda ke cikin tunani. Mai shagon da ke lissafin jarinsa a Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, da magidancin da mai gida ya ce sai ya biya hayar shekara biyu a dunƙule duk da cewa dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba a wata shida, da matashin da ke tuƙa pragya alhali dole ya kai wa mai keken kuɗin yini ko an samu fasinja ko ba a samu ba, dukkansu jikinsu yana amsawa da irin shirin nan. Gobara tana mutuwa cikin sa'o'i, bashi kuwa yana kwana da mutum ya tashi da shi, sai jiki ya zauna a shirin gudu na makonni, barci ya ƙaurace, ƙaramin abu ya riƙa tunzura mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Mutum ba zai iya umartar zuciyarsa ta rage sauri ba, ba kuma zai hana ƙullutan saman ƙodarsa sakin adiranalin ba. Numfashi ya fita daban, domin yana tafiya da kansa ko ana barci, amma mai shi yana iya karɓar ragamarsa duk lokacin da ya so. A 1991 Jack Feldman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas suka gano ɗan gungun ƙwayoyin jijiya a gindin ƙwaƙwalwa, kusa da inda ta haɗu da laka, wanda shi ke tsara kaiwa da komowar numfashi. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa a cikin wannan gungu, a jikin ɓera, akwai ƙwayoyi kimanin 175 da ke kai labarin yanayin numfashi zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da faɗaka da zabura. Da aka kashe ƙwayoyin, ɓerayen sun ci gaba da numfashi lafiya lau, sai dai sun zama masu natsuwa, suna zaune suna gyaran gashi a wurin da ɓera ya saba zirga-zirga yana shinshine-shinshine. A kan ɓera aka yi binciken, don haka bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya nuna cewa saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da numfashi zuwa yake yi da dawowa. Fargaba tana jawo haki, hakin kuma ya koma ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa lallai akwai abin tsoro.

Babbar hanyar ɓangaren kwantarwa ita ce jijiya ta goma cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira begas. Tana saukowa ta gefen wuya, ta kai rassa ga maƙogwaro da zuciya da huhu da tumbi da hanji, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na zarurrukanta labari suke ɗaukowa daga gaɓɓan nan zuwa ƙwaƙwalwa. Otto Loewi ne ya fito da yadda take rage gudun zuciya, a 1921 a garin Graz na ƙasar Ostiriya. Ya ajiye zukatan kwaɗi biyu suna bugawa cikin ruwan gishiri, ya motsa jijiyar begas ta ɗaya da lantarki har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da ke jikinta ya zuba wa ta biyu, sai ita ma ta rage sauri alhali an riga an raba ta da jijiyarta. Wannan ya tabbatar da cewa wani sinadari jijiyar ke saki, wanda daga baya aka gane asetilkolin ne, kuma aikin ya jawo masa kyautar Nobel a 1936.

Da za a raba zuciyar baligi da dukkan jijiyoyinta, da za ta riƙa bugawa kusan sau 100 a minti. Abin da ya sa ake samun sau 60 zuwa 80 ga galibin masu hutawa shi ne begas tana danne ta a kowane lokaci. Lamarin ya yi kama da trotro mai gangarowa daga tudu direba na taka birki: idan ya ɗan ɗaga ƙafa motar ta ƙara gudu ba tare da ya taɓa totur ba, idan ya mayar da ƙafar ta lafa. Numfashi ne ke ɗaga ƙafar yana mayar da ita. Yayin shaƙa dannewar begas tana sassautawa zuciya ta ɗan ƙara sauri, yayin fitarwa dannewar ta dawo zuciya ta ja baya, abin da Bajamushen masani Carl Ludwig ya rubuta tun 1847. Mai karatu zai iya gwadawa da kansa. Ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasa da tushen babban yatsa, ya shaƙa a hankali, sannan ya saki iskar da jinkiri. Zai ji bugun yana matsowa kusa da juna da farko, daga baya tazara ta buɗe. Bambancin a fili yake ga yara da matasa, yana raguwa da shekaru, haka ma ga wanda ciwon sukari ya taɓa jijiyoyinsa. Daga nan aka samo ƙa'idar cewa fitar da numfashi ya fi shaƙarsa tsawo, don zuciya ta fi daɗewa a ƙarƙashin dannewar begas.

Baligi mai hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Adadin da masu bincike suka fi komawa gare shi wajen kwantar da jiki shi ne kimanin sau shida, wato numfashi ɗaya duk sakan goma, kuma ba da ka aka zaɓe shi ba. A jikin manyan hanyoyin jini na wuya da babbar hanyar da ke fitowa daga zuciya akwai ƙwayoyin ji masu auna ƙarfin matsin jini. Idan matsin ya hau suna sanar da ƙwaƙwalwa ta rage bugun zuciya, idan ya sauka ta ƙara, kuma saboda ɗan jinkirin da ke tsakanin saƙo da amsa, matsin jini yana hawa da sauka a zagaye mai tsawon kusan sakan goma. Idan numfashi ya zo daidai da wannan zagaye sai su biyun su riƙa tura juna, tazarar da ke tsakanin saurin zuciya da jinkirinta ta faɗaɗa sosai, wannan tsari na gyara matsin jini kuma ya ƙara kaifi. Likitocin zuciya suna ɗaukar irin wannan sassauci alamar lafiya, tunda zuciyar wanda damuwa ta daɗe a kansa ta fi bugawa a tsaye ƙyam, ba hawa ba sauka. Adadin ba ɗaya ba ne ga kowa, wani nasa biyar ne, wani ya kusa bakwai.

A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia, ya buga wani bincike a mujallar likitoci ta BMJ. Ya sa mutum 23 masu lafiya su karanta addu'ar Ave Maria da harshen Latin yadda mabiya Katolika ke yi da carbinsu, da kuma wani kalami da masu yoga ke maimaitawa, yana auna numfashinsu da bugun zuciya da matsin jini. A lokacin karatun ba a umarce su da sassauta numfashi ba, amma karatun da kansa ya saukar da shi zuwa kusan sau shida a minti. Dalilin a bayyane yake, domin magana a kan iskar da ke fita take hawa, saboda haka duk karatun da ake ja da murya yana tilasta gajeriyar shaƙa da doguwar fitarwa. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma a makarantar dare ya ga yadda yake ɗaukar numfashi a wurin waƙafi, sannan ya tafi da aya guda yana jan madda har haraka shida kafin ya sake shaƙa. Ba ina nufin tilawa ko wazifa atisaye ba ne. Ibada tana da niyyarta da ladanta, kuma natsuwar zukata da ambaton Allah, wadda aya ta 28 ta Suratur Ra'ad ta ambata, ta wuce abin da na'ura ke aunawa. Abin da za a iya cewa shi ne mai karatu da tartili jikinsa ma yana samun rabonsa, mai sallar ƙoton kurciya kuwa, ba ɗuma'nina a ruku'u ko sujada, wannan rabon ma ya wuce shi.

Inda shawarar jan numfashi ke ɓarna shi ne wajen zaton cewa mai haki oksijin ya rasa. Jinin mai lafiya a ƙoshe yake da oksijin, kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, kamar yadda 'yar na'urar da nas ke maƙala wa yatsa ke nunawa, kuma ƙarin shaƙa ba ya ƙara masa abin kirki. Abin da ke sauyawa shi ne iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa. Ana yi mata kallon shara, alhali jiki yana buƙatar wani ma'auni nata a jini, ita ce ma ƙwaƙwalwa ta fi dubawa wajen yanke lokacin da za a sake shaƙa. Idan mutum ya yi ta numfashi fiye da buƙatar jikinsa, kabon ɗin ya zube, tsamin jini ya yi ƙasa da ƙa'ida, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, nan take jiri ya zo gani ya dushe. Sauyin yana rage sinadarin kalsiyam mai yawo a jini, shi ya sa yatsu da kewayen baki ke sagewa, wani lokaci yatsun su ƙanƙame su lanƙwashe. Bugu da ƙari, Christian Bohr na ƙasar Denmak ya nuna tun 1904 cewa jini mai ƙarancin kabon ya fi riƙe oksijin ɗinsa, ba ya sakar wa tsoka cikin sauƙi. Mutum yana ganin waɗannan alamu sai ya ƙara tsorata, ya ƙara zuƙa, alamun su ƙara tsanani. Donald Klein, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kolombiya ta New York, ya kawo hasashe a 1993 cewa masu fama da firgicin ba-zata ƙwaƙwalwarsu ce ke saurin zaton an shaƙe su alhali iska na nan.

Duk wanda ya daɗe a kasuwar Alabar ko ta Asawase ya taɓa ganin irin wannan. Mai sayar da atamfa tana zaune a shago, sai waya ta shigo cewa mai karɓar susu ya gudu da kuɗin mutane, har da wanda take tarawa don makarantar yara. Ta miƙe, ta koma ta zauna, ta dafe ƙirji, ta fara haki baki buɗe. Kafin ka ce kwabo an kewaye ta. Wata na yi mata fifita da kwali, wata ta fasa ledar ruwan sanyi, an aiki yaro ya kira malam domin an ga yatsunta sun lanƙwashe an ce iska ce ta taɓa ta, maƙwabciyarta kuma tana girgiza ta tana cewa, "Hajiya, ja numfashi! Ja da ƙarfi!" Hajiya tana ja da ƙarfi, kowane ja kuma yana ƙara zubar da ɗan kabon da ya rage mata. Ita a ranta ajali ne ya zo.

Abin da ya fi amfani a nan shi ne a rage taron, a zaunar da ita ta jingina, mutum ɗaya mai sanyin murya ya tsuguna a gabanta ya ce, "Hajiya, dube ni. Rufe baki, ki shaƙa kaɗan ta hanci. To, tsuke leɓe ki hura a hankali, kada ki yi sauri, ga ni nan." Ya riƙa yi tana kwaikwayonsa. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin kimanin minti goma sannan ya fara sauka. Mai ruwan sanyin ba ta yi kuskure ba idan a fuska ta shafa mata, domin sanyi a goshi da kumatu yana motsa begas ta rage bugun zuciya, abin da ke faruwa ga mai nutso a ruwa. Zaunarwar ma tana da dalili, tunda tsayuwa tana ƙara aikin ɓangaren zaburarwa, zama da kwanciya kuma suna rage shi, kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya umarci mai fushi ya zauna idan yana tsaye, in fushin bai tafi ba ya kwanta, sananne ne a makarantun Islamiyya. Abin da bai kamata ba shi ne a kifa mata leda a baki don ta sake shaƙar iskar da ta fitar. An taɓa koyar da haka da jakar takarda, amma likitoci sun daina ba da shawarar, saboda idan hakin na asma ne ko na ciwon zuciya, rage oksijin zai iya halaka mutum.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna su ce sun gwada bai yi ba, alhali a tsakiyar firgici suka fara gwadawa. Ana koyon abin ne lokacin da hankali ke kwance. Babbar tsokar numfashi ita ce shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta ja tana sauka ƙasa ta tura kayan ciki, shi ya sa cikin jariri mai barci ke tasowa yana komawa. Mai damuwa kuwa da tsokar wuya da kafaɗa yake taimakawa, shi ya sa yakan yini da nauyin kafaɗa da ciwon ƙeya. Mutum ya zauna ya miƙe bayansa, ya sassauta bel ko ɗaurin zani, ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a kan cibiya. Ya shaƙa ta hanci na sakan huɗu, yana barin hannun ƙasa ya taso na sama kuma ya zauna kusan shiru, sannan ya saki iskar na sakan shida ta hanci ko ta tsukakken leɓe, ba tare da matsa wa kansa ba. Zurfin da ake nufi shi ne iskar ta sauka ƙasa, ba sai an cika huhu taf ba, kuma jiri alama ce ta an wuce gona da iri, sai a rage yawan iskar. Wanda ya saba numfashi sau 18 a minti ba zai faɗo shida rana ɗaya ba, ya fara da sakan uku da huɗu har jiki ya saba. An fi son hanci saboda yana tace ƙura, yana ɗumama iska yana jiƙa ta, abin da ya fi muhimmanci a watannin Disamba da Janairu idan hazon hunturu ya sauko Kumasi. Ba a buƙatar agogo, domin numfashi 33 masu tsawon sakan goma sun kai minti biyar da rabi, kuma ana iya ƙirga su da carbi ko da gaɓoɓin yatsu, bayan sallar asuba da kuma kafin barci.

Jiki yana da nasa gyaran da yake yi ba da izinin kowa ba, wato ajiyar zuciya. Huhu yana ɗauke da ƙananan jakunkunan iska miliyan 300 zuwa 500, wasunsu kuma suna motsewa idan numfashi ya daɗe yana gajere. Kusan duk minti biyar mutum yana yin shaƙa biyu a jere, ta biyu a kan ta farko, don buɗe su, ko da bai lura ba, kuma yaron da ya gama kuka haka yake yi kafin barci ya ɗauke shi. A Janairun 2023 masu bincike na Stanford, ciki har da likitan ƙwaƙwalwa David Spiegel, suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum sama da 100 da aka raba gida huɗu, kowa minti biyar a rana har kwana 28. Rukuni ɗaya yana yin ajiyar zuciya da gangan, wato shaƙa ta hanci, da ƙarin 'yar shaƙa a kai, sai doguwar fitarwa ta baki. Wani rukunin yana daidaita tsawon shaƙa da riƙewa da fitarwa, wani yana doguwar shaƙa da gajeriyar fitarwa, na ƙarshe kuma yana zaune shiru yana lura da numfashinsa ba tare da sauya shi ba. Dukkansu sun ce fargabarsu ta ragu, amma masu doguwar fitarwa ne suka fi samun walwalar rai, kuma saurin numfashinsu na yau da kullum ya fi sauka.

A nan ya kamata a ja linzami. A binciken na Stanford ba a ga sauyin a zo a gani a bugun zuciyar mahalarta ba, walwalar rai kuma abu ne da mutum ke faɗa da bakinsa. A shekarar dai, Guy Fincham na Jami'ar Sussex a Ingila da abokansa suka tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 785, suka sami cewa atisayen numfashi yana rage damuwa, amma ragin ƙarami ne zuwa matsakaici, kuma su da kansu suka ja kunne cewa ingancin gwaje-gwajen bai kai yadda ake so ba. Ba za a iya ɓoye wa mutum cewa yana atisaye ba yadda ake ɓoye ƙwayar gaske cikin ta bogi, don haka tsammanin samun sauƙi yana da kasonsa a sakamakon. Akwai ma waɗanda mayar da hankali kan numfashi ke ƙara musu fargaba, kuma masu jinyar firgici suna gargaɗin kada mara lafiya ya ɗauka cewa atisayen ne ya hana shi mutuwa, domin abin da ake so ya gane shi ne firgicin da ma ba ya kisa. A ganina duk wannan ya ajiye abin ne a matsayinsa na gaskiya. Ba a sayensa, ba ya buƙatar wuta ko data, illarsa kuma kaɗan ce. Amma masu tallan da ke yawo a WhatsApp da TikTok cewa numfashi yana warkar da hawan jini da ciwon sukari cutar da jama'a suke yi, domin ɗan sauƙin da yake kawo wa matsin jini bai kai mai hawan jini ya ajiye maganinsa, irin su amlodifin, ba.

Numfashi ba ya biyan bashi, ba ya dawo da kuɗin susu. Amfaninsa na zahiri shi ne 'yan mintunan da yake saya wa mutum kafin ya amsa wayar mai gida, kafin ya ɗaga hannu kan yaro, kafin kalmar saki ta fita daga bakinsa cikin fushi. Waɗannan mintuna ma ana iya ɓarnatar da su tun kafin a same su. Wanda ya zauna majalisar ataya har tsakar dare ya sha zagaye uku, ya yini da goro a kunci, ya ƙara da lemon gwangwani mai ƙara kuzari, ya cika jininsa da sinadarin kafeyin mai hana barci, wanda rabinsa yana nan a jiki bayan kimanin awa biyar kuma yana jawo bugun zuciya da rawar hannu irin na fargaba. Tiramadol da wasu matasan zango ke sha don jure aiki ya fi wannan muni, domin idan ya fara sakin mutum yana barinsa da gumi da rashin sukuni da tsoro marar dalili, yawansa kuma yana jawo farfaɗiya ko ya danne numfashin gaba ɗaya.

Ba kowane haki ne na damuwa ba, kuma kuskure a nan yana da tsada. Ciwon ƙirji mai nauyi da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi, musamman ga mai shekaru ko mai hawan jini ko sukari, maganar asibiti ce nan take, lambar gaggawa kuma 112 ce. Haka mai asma da ƙirjinsa ke fito, da mai sikila da ya haɗa ciwon ƙirji da zazzaɓi, da mai ciwon sukari da ke dogon numfashi mai sauri yana amai da ƙishirwa, domin shi jikinsa ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin da ya taru a jini, kuma hana shi hakin ƙara masa ciwo ne. Mai juna biyu ko mai jego da numfashi ya sarƙe mata ba-zata ita ma ba a zaunar da ita ana ƙirga sakan. Ƙarancin jini da yawan aikin ƙullutun maƙogwaro suna kawo bugun zuciya da ake ɗauka fargaba ce, gwajin jini ne ke raba gardama.

Idan kuwa an duba an ga jiki lafiya, amma damuwar ta kai makonni tana hana barci da neman abinci, ko firgicin yana dawowa har mutum ya fara gudun kasuwa da shiga mota, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, to lamarin ya wuce abin da atisayen numfashi zai ɗauka shi kaɗai. Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, wadda ta kafa hukumar da ke kula da wannan fanni, kuma tun Nuwamban 2024 inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta sanya ciwon fargaba da na baƙin ciki mai tsanani cikin waɗanda take ɗaukar nauyi. A Kumasi akwai sashen masu wannan larura a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, da kuma asibitin gwamnati na Tafo, kuma ba sai wanda ya fita tsirara ake kaiwa can ba, kamar yadda ake zato a unguwanninmu. Jinyar da aka fi dogara da ita ga fargaba ita ce zaman tattaunawa da ƙwararre kan yadda tunani ke hura tsoro, wani lokaci tare da ƙwaya, ana kuma sanya sassauta numfashi a matsayin ɗaya daga cikin kayan aikin. Mai zuwa ya shirya faɗin yaushe abin ya fara, a wane hali yake tasowa, da duk abin da yake sha, har da ataya da goro da maganin gargajiya, domin da waɗannan bayanai likita ke tantance irin ciwon kafin ya rubuta magani.